Wasiƙa: Dan Allah a daina jibga fankoki a baki ɗaya na kartmer

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya ƙoƙari ya kuma zafi. Ni mai gyaran kwamfuta ne a nan Garwa, arewacin Kamaru, na daɗe a sana'ar nan tun zamanin da ake shigo mana da masu ƙaton sikirin irin na talabijin, kuma ina bin jaridarku a waya kusan kullum. Abin da yasa na rubuto maka shine wata ɓarna da nake gani duk shekara da zarar watan Maris ya kama, ta ishe ni wallahi, dan asara ce da ba sai an yi ta ba, kuma wanda take faɗawa kansa yawanci talaka ne da kwamfutar nan ita ce abincinsa da na iyalinsa. Maganar fanka ce, fankokin cikin kesi, wato akwatin kwamfuta, da yadda yaranmu ke haɗa uku huɗu har biyar su cusa a baki guda, wato wajen soka wayar fanka, na jikin babban allon kwamfuta, wanda mu nan muke cewa kartmer, 'yan'uwanmu na Najeriya su ce madabod.

Bari in fara da abin da ya faru satin da ya wuce. Wani yaro mai shagon buga takardu da fotokofi, irin wanda ɗalibai ke cika lokacin haɗa dosiye na konkur, wato takardun shiga jarrabawar neman gurbi, ya shigo min da yamma rungume da kwamfutarsa kamar mai ɗauke da marar lafiya, yace Baba dan Allah duba min, tun azahar take wari kuma ta mutu sau uku. Ina buɗe murfin gefe warin ƙonanniyar roba ya buge ni. Me zan gani, fanka biyar a ciki, uku sirara irin na kesi, biyu masu kauri da nauyi waɗanda aka ciro daga manyan injuna, duk ya fere wayoyinsu da reza ya murɗe su wuri guda ya naɗe da baƙin salatif, sai ya bar kai ɗaya tal ya soka a bakin da aka rubuta SYS_FAN. Robar bakin ta yi ruwan ƙasa ta ɗan lanƙwashe, gefenta kuma akwai wani ɗan ƙaramin baƙin abu bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya kumbura ya tsage a tsakiya, allon da ke kewaye da shi ya yi duhu kamar inda aka ɗiga wa kati wutar sigari. Nace masa ɗana wa ya haɗa maka wannan? Yace shi ya haɗa da kansa, kwamfutar ce ke kashe kanta saboda zafi, yaga fanka ɗaya ba ta isa shine ya je wajen masu sayar da kayan okaziyo, wato na hannu, ya kwaso biyar.

Ban yi masa faɗa ba dan tunaninsa ba na wauta bane, zafi yayi yawa ka ƙara iska, kowa haka zai yi. Abin da bai sani ba shine bakin nan yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Sai na ɗauko fankokin ɗaya bayan ɗaya na juya bayansu na nuna masa takardar da ke manne a tsakiya. Kowace fanka an rubuta mata 12V, wato bolt 12, sai wata lamba da harafin A a ƙarshenta, wannan ita ce yawan wutar da take ja, amfiya. Siraran uku kowace 0.18A, masu kaurin biyu kowace 0.70A. Nace ɗauki wayarka ka tara. Ya tara ya samu 1.94. Nace to yawancin bakunan fanka na kartmer amfiya 1 aka yi su su ɗauka, wato wat 12, kai kuma ka ɗora masa kusan ninki biyu, daga safe har dare, a cikin shago mai rufin kwano a watan Afrilu. Yayi shiru yana kallon lambar, can yace wallahi Baba ban taɓa sanin rubutun nan yana da amfani ba.

To wannan ne ya tsaya min a rai Malam Edita. Lissafin nan ko ɗan firamare zai yi shi, tarawa ce kawai, amma babu wanda ya taɓa gaya musu, littafin kartmer da Turanci yake zuwa ko Faransanci ko Sinanci, mu kuma kayanmu yawanci na hannu ne ba sa ma zuwa da littafi, yaro ya koyi gyara a gindin maigidansa da kallo, in maigidan bai sani ba shikenan haka za a yi ta gadon kuskure.

Ni ban ce haramun ne a sa fanka fiye da ɗaya a baki ɗaya ba, a'a, ina yi kullum a shagona. Fankar kesi ta yau da kullum mai faɗin santimita 12 yawanci tsakanin 0.1 da 0.3 take ja, dan haka biyu ko uku a baki ɗaya lafiya lau ne in dai ka duba ka tara. In takardar ba ta nuna A ba sai W, to ka raba lambar da 12, misali 2.4W ya zama 0.2A kenan. Abin da nake bi ni a aikina shine bana bari jimlar ta wuce 0.7, iyaka 0.8, kuma ina da dalili. Na farko fanka tana jan wuta fiye da kima a lokacin da za ta tashi daga tsaye, kamar yadda mai tura kura yake shan wahala a turawar farko kafin taya ta fara gudu, to in fanka huɗu suka tashi lokaci guda duk nauyin a kan bakin nan yake sauka. Kuma mu nan kwamfuta ba sau ɗaya take tashi a rana ba, in rani yayi nisa ruwan madatsar Lagdo mai ba mu lantarki ya ja baya ana ta ɗauke wuta ana kawowa, ga masu janareta, sai kaga inji ya tashi sau shida sau bakwai kafin magariba. Na biyu, lambar da ke kan takarda wani kamfanin iyakar abin da fankar za ta ja yake rubutawa, wani kuma na gudun yau da kullum yake sawa, kai da ka tsince ta a kasuwa baka san wanne ne naka ba. Na uku shine ƙura. Fankar da ƙurar hunturu ta shige mata ciki, man ta ya bushe, tana juyawa da ƙyar tana gurnani, wannan ta fi sabuwa jan wuta, wadda ta cije gaba ɗaya kuwa ita ce ma tafi haɗari.

Akwai alluna masu tsada da ke da baki na musamman mai ɗaukar amfiya 2 ko 3, yawanci wanda aka tanada dan famfon masu sanyaya da ruwa, ana rubutawa a littafinsu. In kana da irinsa ka duba lambar allon ka nemi littafin a intanet ka tabbatar. In baka samu ba ka ɗauka 1 ne, ka huta.

Ɗan baƙin abun da nace ya tsage a allon yaron nan, shine mai rage wa fanka gudu. A alluna da yawa in ana so fanka mai waya uku ta rage gudu, sai a rage mata bolt daga 12 zuwa 9 ko 7, to ragowar da aka hana ta ba ɓacewa take ba, wannan ɗan abun ne yake shanye ta ta zame masa zafi a jiki. Da fanka ɗaya ko biyu ɗan ɗumi kawai zai yi, amma da biyar sai ya dahu, balle a garin da iskar ɗaki kanta ta haura digiri 40. Wani lokacin shi kaɗai yake mutuwa bakin ya daina aiki, ko fanka ta riƙa gudu a ƙarshe ba ragi, wannan sa'a ce. Wani lokacin kuma siririn layin tagulla da ke kai wutar a jikin allon ne yake ƙonewa ya taɓa na kusa da shi, na sha ganin kartmer da ta tafi gaba ɗaya saboda fankar da kuɗinta bai kai na farantin shinkafa biyu ba.

Sai maganar wayar nan mai reshe, wadda kai ɗaya ke shiga kartmer ta rabu biyu ko uku, 'yan kasuwa na ce mata siplita. Wannan ita ce hanyar da ta dace maimakon fere waya da murɗawa, amma akwai wata rigima da take haddasawa a kasuwa wadda nake so a warware ta yau. In ka duba rassan zaka ga ɗaya ne kawai yake da haƙoransa cikakku, sauran an cire musu haƙori ɗaya, sai mai saye ya koma wa ɗan kasuwa da faɗa wai an sayar masa da karyayya, shi ma ɗan kasuwar bai san amsa ba sai ya karɓa ya canja masa, a buɗe wata a ga haka take. Jama'a ba karyayya bace, da gangan aka yi ta haka. Haƙorin da aka cire shine na wayar da ke gaya wa kartmer saurin juyawar fanka, duk zagaye ɗaya fanka tana aika bugu biyu ta wayar nan, allon ya ƙirga ya nuna maka lamba a BIOS, wato shafin saitin kartmer da ake shiga lokacin da kwamfuta ke tashi. In fanka uku suka haɗu suna aikawa ta waya ɗaya sai ƙirgar ta rikice, kamar mutum uku suna maka magana a kunne ɗaya, lambar ta riƙa tsalle daga 800 zuwa 3000 ta dawo sifili. Na taɓa ganin wani yaron shago da ya zauna da dalma ya mayar da haƙoran da hannunsa yana ganin gyara yayi, bayan kwana biyu mai kwamfutar ya dawo wai tana ta ƙara tana rage gudu ita kaɗai tana kuka.

Amma fa wannan yana da wani abu da ya kamata mutum ya riƙe a ransa. Tunda fanka ɗaya ce kawai allon ke jin labarinta, in sauran suka mutu ba abin da zai gaya maka, BIOS zai ci gaba da nuna lamba mai kyau alhali biyu sun tsaya cak. Dan haka duk wata ka haska tocila ka leƙa, ko ka kara bayan hannunka kaji ko iska na fita. Kuma reshen mai cikakkun haƙora ka ba fankar da tafi muhimmanci.

Shi yasa ma nake roƙon mutane su bar bakin da aka rubuta CPU_FAN ga fankar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ita kaɗai. Ta nan ne allon yake gane ko fankar furosesa na da rai, in ta tsaya shine wasu allunan ke tsayar da kai a farkon tashi su ce ka danna F1. In ka sa siplita a nan kuma ka ba fankar kesi reshen mai ƙirga, to ranar da ta furosesa ta mutu allon zai ɗauka komai lafiya. Masu shiga BIOS su kashe gargaɗin nan dan ya dame su kuwa, dan Allah su daina, ba a banza aka sa shi ba. Na kesi su ne masu suna SYS_FAN a allunan Gigabyte da MSI, ko CHA_FAN a na ASUS, abu ɗaya ne suna ne kawai ya bambanta.

Yanzu bambancin mai waya uku da mai waya huɗu, dan nan ma ana ruɗewa sosai. Mai uku tana da ta ƙasa, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, da ta bolt 12, da ta ƙirga, kuma ba yadda za a rage mata gudu sai ta rage bolt. Mai huɗu an ƙara mata waya ɗaya ta umarni, ana ce wa tsarin PWM, ita bolt 12 ɗinta baya canjawa, allon sai dai ya riƙa aika mata sigina ta waya ta huɗun, kunna kashe kunna kashe kusan sau 25,000 a daƙiƙa ɗaya, ita fankar da kanta take daidaita gudunta gwargwadon abin da aka ce mata. Kan mai uku yana shiga bakin mai huɗu, akwai ɗan harshen roba da ke hana ka sokawa a juye, sai dai in bakin yana kan tsarin PWM to mai ukun za ta yi ta gudu a ƙarshe dan bata jin umarnin, sai ka shiga BIOS ka mayar da shi DC, wato tsarin rage bolt, in allon yana da zaɓin. Kuma in kana rage bolt ga fankoki iri daban daban a waya ɗaya, ka lura, wata tana tashi da bolt 5 wata sai 7, sai kaga biyu na juyawa ta ukun tana rawar kai kawai ta kasa tashi. Gara ka haɗa iri ɗaya a reshe ɗaya.

To wanda yake son fanka biyar ko shida da gaske fa, kamar masu haɗa bidiyon biki da masu ɗakin wasan gem da ke da manyan katin hoto? Amsar ita ce a ɗebo wutar daga inda take da yawa, wato akwatin wuta, alimantasiyo, mu dai alim muke cewa. Akwai ɗan ƙaramin akwati da ake kira hob, yana da bakuna shida takwas har goma, wutarsa daga wayar SATA ko Molex ta alim yake sha, wato wayoyin da alim ke ba sauran kayan cikin kesi wuta da su, sai siririyar waya ɗaya ta tafi kartmer ta ɗauko umarnin gudu kawai ta mayar da ƙirgar fanka ɗaya. Kaga bakin kartmer ya zama mai ba da umarni, ɗaukar kayan kuma alim ke yi, shi ko fanka goma ba komai bane a wajensa. Sai dai a kula wajen saye, akwai wanda kamarsa ɗaya da hob amma ba shi da wayar alim, wannan siplita ce kawai aka sa mata riga, duk nauyin yana nan a kan kartmer. Ka juya shi ka nemi inda SATA ko Molex ke shiga, in babu ka ajiye. Kuma yawancin hob ɗin nan masu waya huɗu kaɗai suke iya rage wa gudu, mai uku in ka sa ta za ta yi aiki amma a cikakken gudu.

Hob baya samuwa a nan kowane lokaci, sai an yi sautu daga Duwala ko wani ya shigo da shi ta Mubi ko Yola, dan haka ni nakan haɗa nawa da hannu, in ɗauki bolt 12 da ƙasa daga Molex in raba wa fankokin, in ɗauko wayar umarni daga kartmer in raba musu ita ma, wayar ƙirga kuma daga fanka ɗaya tak, in like da dalma in rufe kowace gaɓa da robar da ke tsukewa da zafi. In kuma masu waya uku ne duka, kai tsaye nake ba su daga Molex su yi ta gudu, akwai ƙara kam, amma shagon da ke bakin titi ga 'yan kalando, wato masu acaɓa, na wucewa ga injin fotokofi, wa zai ji ƙarar fanka.

A nan akwai wani tarko da ya ci mutane da yawa, ina so a karanta shi da kyau. A jikin Molex waya ruwan ɗorawa ita ce bolt 12, ja kuma bolt 5 ce, baƙaƙen biyu ƙasa. A jikin yawancin fankoki masu waya uku kuwa ja ita ce ta bolt 12, ruwan ɗorawa ita ce ta ƙirga. To yaro sai ya bi launi, ja da ja, ɗorawa da ɗorawa, yana ganin ai haka hankali ya nuna, sai ya ba fanka bolt 5 a inda take son 12, ya kuma tura 12 cikin wayar ƙirga wadda ba a yi ta dan ɗaukar wuta ba, fankar ta yi ɗan motsi ta mutu. Daidai shine jar fanka ta tafi ɗorawar Molex, baƙa da baƙa, ɗorawar fanka kuma a naɗe bakinta a barta. Masu waya huɗu kuma launinsu ya sake bambanta, wasu ma duk baƙaƙe ne, shi yasa nake cewa duk wanda zai taɓa waya ya mallaki mitar auna wuta ko ƙarama ce, ya auna kafin ya haɗa, kuma ya zare wayar bango tukuna.

Wani abin kuma, yawancin kwamfutocin da ke ofisoshi da shagunanmu daga Garwa har Marwa har Kusiri na hannu ne, Dell da HP da aka gama aiki da su a Turai. Da yawa daga cikin irin waɗannan bakin fankarsu ba irin na kowa bane, akwai na Dell masu gurbi biyar, jerin wayoyin ma daban yake, in ka tura fankar kasuwa da ƙarfi ko ka yanke kan ka haɗa yadda ka saba zaka iya ɓata allon. Wasu ƙananan cikinsu ma alim ɗinsu ba shi da Molex sam, wutar SATA ɗin daga jikin kartmer take fitowa, kaga in ka rataya hob a nan baka tsere wa komai ba. Irin waɗannan ni shawarata a bar su da fankokin da suka zo da su, a wanke a gyara, dan kesin an tsara shi ne iska ta bi hanya ɗaya.

Wanda ya kawo ni ga abin da na tarar a kwamfutar yaron nan bayan na cire tarkacen. Haƙarƙarin ƙarfen da ke kan furosesa ya toshe da ƙura ta zama kamar bargo, da na sa tsinke na ɗago ta a dunƙule ta fito, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe ya zama kamar alli yana farfashewa. Wannan ne ciwon tun farko. Fankoki biyar ɗin ma uku suna fuskantar juna ne, ta gaba na turo iska ta baya ma na turowa ciki, zafin ya rasa ƙofar fita. A gefen yawancin fankoki akwai 'yar kibiya da ke nuna inda iska ke bi, in babu to iska tana fita ne ta ɓangaren da sandunan roba da takardar suke. Mu da muke zaune a bakin hanyar ƙurar da ke tasowa daga Bodele a arewacin Cadi duk hunturu, wata uku huɗu tana sauka a kan komai, ai kafin zafi ya shigo kowace kwamfuta tana buƙatar a buɗe ta a hure ta da bulowa, a riƙe fukafukan fanka da yatsa kada iska ta juya su fiye da kima, a sa sabon mai a furosesa. Kuma fanka bata sanyaya iska, tura ta kawai take, in ɗakin yana 42 to 42 ɗin za ta shigo da shi ko fanka nawa ka jera. A ɗaga kesi daga ƙasa a ɗora kan tebur, a janye shi daga jikin bango, kar a kulle shi cikin durowa. Ga yawancin injunanmu biyu a gaba suna shigarwa ɗaya a baya tana fitarwa ya wadatar, in masu shigarwa sun ɗan fi yawa ƙura bata samun shiga ta ramuka, sai ka yanko gidan sauro ka manna a gaban fankokin gaba ka riƙa kaɗe shi duk Juma'a.

Shi dai yaron Allah ya taimake shi, bakin SYS_FAN ɗin ya tafi amma sauran allon yana da rai. Na cire ɗan abun da ya ƙone dan kar ya ja wata matsala, na wanke, na sa mai, na mayar masa da siraran uku a kan Molex, biyu a gaban kesi guda a bayansa, masu kaurin biyu na ba shi a leda nace ya mayar wa mai su ko zai karɓa. Ya kunna muka bar ta tana aiki har bayan isha'i bata mutu ba. Da zai tafi yace Baba da allon ya ƙone gaba ɗaya da sai dai in rufe shago, dan kuɗin haya ma ban gama haɗawa ba.

Roƙona gare ka Malam Edita, in da hali ku sa wani daga cikin ma'aikatanku ya ɗauki hoton bayan fanka a kusa yadda lambar A za ta fito sosai, da hoton siplita mai haƙori ɗaya a cire, da na Molex da launukan wayoyinsa, ku buga tare da wasiƙar nan, dan yaranmu sun fi gane hoto kuma za su tura wa juna a WhatsApp. 'Yan'uwana masu sayar da kayan kwamfuta kuma, in mutum yazo sayen fanka fiye da biyu ku tambaye shi ina zai soka su, tambayar bata cin minti ɗaya. Masu gyara na Ngawundare da Njamena da sauran wurare in akwai wanda ya auna abin da fankokin kasuwar nan marasa takarda ke ja da mitarsa, ya rubuto ta wannan shafi mu gani, ni ma na fara rubuta nawa a littafi duk wadda ta shigo hannuna.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta, unguwar Yelwa, Garwa, Kamaru